Yadda ake kai wayifai da kallo cikin kowane ɗakin masauki a Kumasi

Ɗan kasuwar da ya wuni yana zagaye a Kejetia, ko wanda ya zo jana'iza ranar Asabar ya kama ɗaki a Aboabo ko Asawase, kafin ya tambayi ruwan zafi zai tambayi kalmar sirrin wayifai. A yawancin ƙananan masaukanmu kuwa, abin da ke akwai rawuta ɗaya ce, wato na'urar da ke raba intanet, a kan teburin karɓar baƙi, wadda ba ta wuce ɗakuna uku na kusa. Idan ƙorafi ya yi yawa sai mai gida ya ƙara kuɗin data, alhali ba can matsalar take ba. Intanet ta iso gidan, hanyar shiga ɗakuna ce ba ta samu ba. Mafi yawan aikin yana cikin bango: kebul, wuta, da yadda aka raba layi. Za mu ɗauki misalin gida mai ɗaki 30 a hawa uku, goma a kowane hawa, kowa ya daidaita lissafin da nasa ginin.

Fara da lissafin dare

Ana auna buƙatar masauki ne da abin da ke faruwa tsakanin ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya na dare, lokacin da kowa ya dawo ya kwanta da waya a hannu. A watan azumi cunkoson kan koma bayan tarawihi da wajen sahur, saboda masu bin tafsiri a YouTube. Netflix da kansa ya ce hoto mai tsabta na 1080p yana son megabit 5 a daƙiƙa, na 4K kuma 15. Idan ɗakuna 20 cikin 30 suna kallo a lokaci guda, megabit 100 ke nan. Ƙara masu kiran bidiyo na WhatsApp, da wayoyin da ke sabunta manhajoji su kaɗai, da ofis, sai ka ga layin megabit 150 zuwa 200 shi ne daidai. A tambayi mai sayar da layin saurin aikawa ma, ba na saukewa kaɗai ba. Ƙasa da megabit 30 na aikawa, kiran bidiyo zai riƙa tsinkewa da dare.

Akwai lissafi na biyu da ake mantawa, wato yawan data. Kallon hoto mai tsabta kan ci har gigabait 3 a awa. Ɗaki 20, awa uku kowane dare, gigabait 180 ke nan. A wata ya haura gigabait 5,000. Duk tsarin da ke da iyaka, ko wanda ake rage masa gudu bayan an kai wani adadi, zai ƙare kafin tsakiyar wata. A karanta wannan sharaɗin kafin a sa hannu.

Layi biyu, hanya biyu

Babban layi ya zama faiba, daga MTN ko Telecel, wanda a da ake kira Vodafone, ko duk wanda kebul ɗinsa ya iso unguwar. Amma Kumasi tana samun intanet ɗinta ne ta faibar da ta taso daga gaɓar teku, kuma masu aikin titi da magudanar ruwa sukan datse ta. Saboda haka dole a ajiye layi na biyu, rawutar 4G mai layin wani kamfani daban, ko Starlink mai zuwa ta tauraron ɗan'adam, wanda hukumar sadarwa ta NCA ta ba izini a 2024. Abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024 ya isa darasi: kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace tare, intanet ta durƙushe a Ghana da maƙwabta. Wanda ya riƙe layuka biyu da duk suka bi ta teku ɗaya, a ranar bai tsira da komai ba. Tauraron ɗan'adam hanyarsa daban ce, sai dai yana son sarari a sama ba tare da bishiya ko tankin ruwa ya tare shi ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana rage masa gudu. A tabbatar tsarin da aka saya ya halatta amfanin kasuwanci.

Layukan biyu su shiga rawuta guda mai ƙofofin shigowa biyu, irin na MikroTik ko Omada ko UniFi, a saita ta ta koma na biyu da kanta idan na farko ya mutu. A saita ta ta riƙa gwada wani adireshi na waje, domin sau da yawa fitilar akwatin faiba tana nan a kunne alhali babu abin da ke wucewa.

Kebul, inda ake yawan cutar masu gida

Gine-ginenmu na bulon siminti ne, da ginshiƙai da rufin kankare mai rodi a ciki. Siginar 5 GHz, wadda ita ce mai gudu, da ƙyar take ƙetare bango biyu irin wannan, balle bangon banɗaki mai tayil da madubi da fayif ɗin ruwa. Na'urar ƙara sigina da ake sokawa a soket ba ta magance wannan. Tana karɓa ta sake aikawa a tasha ɗaya, don haka gudun ya ragu kusan rabi, ga kuma hayaniyar da take ƙarawa. Maganin shi ne a ja kebul zuwa kowane ɗaki.

A ja kebul ɗin intanet nau'in Cat6 guda biyu zuwa kowane ɗaki, ɗaya na akwatin wayifai, ɗaya na bayan talabijin. Ko ba a yi niyyar amfani da na biyun yanzu ba a ja shi, don fasa bango bayan an yi fenti ya fi kuɗin kebul nesa ba kusa ba. Kowane zare kada ya wuce mita 90 a cikin bango, a bar mita 10 na gajerun igiyoyin haɗi, jimilla 100. Idan matsakaicin nisa mita 35 ne, zare 60 zai ci mita 2,100. Kwali ɗaya mita 305 ne, wato bakwai sun kai da ƙyar, sai a sayi takwas.

Sai maganar jabu. Kasuwa cike take da kebul ɗin da ake kira CCA, wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa tagulla a sama. Ranar farko yana aiki lafiya, shi ya sa ake ruɗuwa. Amma alminiyom ya fi tagulla tauye wuta da kusan rabi, kuma yana karyewa a wurin matsi. Tun da akwatunan wayifai ta cikin wannan kebul ɗin suke shan wutarsu, na ɗakunan nesa za su riƙa mutuwa suna tashi, musamman da dare idan aiki ya yi musu yawa. Kafin ka biya a Adum ko ko'ina, fere zare ɗaya ka kankare shi da reza: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, ka bar shi. Ko ka kara masa ashana; tagulla za ta yi ja ta tsaya, alminiyom kuwa sai ya lanƙwashe nan take. Kwalinsa ma ya fi sauƙi a hannu. Araha ba ta ado.

Kebul ya bi nasa fayif, kada a cusa shi tare da wayar lantarki. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya, in dole su haɗu su gitta juna kawai. Kada a lanƙwasa shi sosai a kusurwa, kada a ɗaure shi tamau. A matse kawunan duka da tsari ɗaya, T568B: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Gudun gigabit yana buƙatar duk zare takwas, na megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Shi ya sa idan ka ga ɗaki ɗaya ya maƙale a 100 sauran suna 1,000, zare ɗaya ne bai kama ba, a sake matsewa. A rubuta lambar ɗaki a kai biyu na kowane kebul, a gwada kowanne da na'urar gwaji kafin a biya mai aiki cikon kuɗinsa.

Akwatin wayifai da suwic

Akwatin da ke watsa wayifai, wanda masu sana'a ke kira AP, iri biyu ne: na silin da na bango. A ginin bulo mai ƙofofin katako masu kauri, na bango a cikin kowane ɗaki ya fi. Girmansa kamar soket ne, kuma yawanci yana da ƙofofi a ƙasa da za a iya haɗa talabijin. Idan kuɗi bai kai ba, ɗaya ya yi wa ɗaki biyu masu bango guda, amma kada a jera su a baranda ana fatan siginar za ta shiga; za ta cika barandar ne, gado kuma ya rasa. Kada a ɓoye shi bayan talabijin ko firji ko cikin kabad.

Da akwatuna 30 a gini ɗaya, matsalar ta juye: yanzu yawan sigina ne ke cutarwa, kowa na ihu a kan ɗan'uwansa. A rage ƙarfin watsawa zuwa ƙasa ko matsakaici. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, da faɗin 20 MHz. A rarraba su, a kuma kashe 2.4 ɗin a rabin akwatunan. A zangon 5 GHz faɗin 40 ya wadatar. Abin da ake nema shi ne waya ta nuna ƙarfin sigina na kusan −65 dBm ko abin da ya fi shi ƙarfi, wato lambar da ta fi kusa da sifili, a kan gado da kan tebur, ƙofa a rufe.

Kowane hawa ya samu suwic ɗinsa, akwatin da kebul ɗin ɗakuna ke haɗuwa a cikinsa, mai ba da wuta ta kebul, wato PoE. Tsarin 802.3af yana ba da wat 15.4 a kowace ƙofa, 802.3at kuma wat 30. Amma abin dubawa shi ne jimillar wutar da suwic ɗin zai iya bayarwa, don mai ƙofa 24 ba lallai ya iya ciyar da 24 ɗin duka ba. Akwati goma masu cin wat 12 sun kama wat 120; ƙara kyamarorin tsaro, ka bar rarar kashi ɗaya cikin huɗu. Idan akwai wani gini daban a harabar, a haɗa su da faiba. Kebul ɗin tagulla da aka ratsa tsakar gida da shi hanya ce da aka shimfiɗa wa tsawa, kuma kowa ya san yadda damina take a Asante.

Wuta

Ba sai an yi wa mutumin Ghana bayanin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba. Ko da janareta, tsakanin ɗaukewar wutar kamfanin lantarki na ECG da tashinsa akwai rata, kuma na'urorin nan sukan ɗauki minti biyu zuwa uku kafin su dawo hayyacinsu. Ƙiftawar wuta ta daƙiƙa biyar ta zama yankewar minti uku ga wanda ke tsakiyar taro ta bidiyo. Don haka akwatin faiba, rawuta da duk suwic su zauna a kan UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko inbata. Ga lissafi: nauyin wat 500 na awa biyu yana son wat-awa 1,000. Batir biyu na 12V 100Ah suna ɗauke da 2,400, amma batirin dalma rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, inbata ma ta ci nata, sai ya rage kusan awa biyun cif. A kafa sandar ƙasa ta gaske, ƙarfen da ke zubar da rarar wuta cikin ƙasa, a haɗa akwatin kayan da ita, a sa abin tare hauhawar wuta. Ɗakin kayan ya samu iska, a kulle shi, kada ya zama ma'ajin bokiti da tsintsiya. Lokacin hunturu a riƙa hure ƙurar fankokin suwic duk wata.

Raba baƙi da ofis

A cikin rawuta a yanka layin gida huɗu da abin da ake kira VLAN: na baƙi, na ofis da na'urar karɓar kuɗi, na kyamarori, na talabijin. Baƙo kada ya iya ganin kwamfutar da ke ɗauke da sunaye da lambobin katin shaidar mutane. Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta ɗora wa mai masauki alhakin abin da ya tattara. A layin baƙi a kunna keɓewa, yadda wayar ɗaki 4 ba za ta ga kwamfutar ɗaki 9 ba.

Kuskuren da ke yawan faruwa shi ne barin rumbun adireshin da rawuta ke raba wa kowace na'ura yadda ya zo daga kamfani, adireshi 254 da wa'adin kwana guda ko fiye. Wayoyin zamani suna canza lambar shaidarsu daga wayifai zuwa wayifai, ga masu shigowa cin abinci, ga 'yan biki. Rumbun ya cika, sabon baƙo ya ga sigina cike amma an ce masa babu intanet. A faɗaɗa shi zuwa /22, wato adireshi 1,022, a rage wa'adin zuwa awa huɗu ko shida. A kuma sa wa kowace na'ura iyaka, kamar megabit 15 saukewa da 5 aikawa, don kada mutum ɗaya mai sauke manyan fayiloli ya shanye na kowa.

Game da shiga, shafin nan da ke buɗewa yana neman lambar ɗaki yana da kyan gani, amma yana wahalar da dattawa, kuma na'urorin wasa da wasu talabijin ba sa iya buɗe shi. Wanda ya fi shi ne suna ɗaya na wayifai a duk gidan, kowane ɗaki da kalmar sirrinsa, abin da ake kira PPSK, wanda Omada da UniFi duk suna yi. Baƙo ya tafi, a canza ta ɗakinsa kawai. Kalmar sirri guda da aka manna a bango shekara biyu kuwa, rabin samarin layin sun haddace ta, kuma su ne ke zaune a gindin katanga da dare. Sayar wa mai ɗaki wayifai daban ba dabara ba ce a yau. A sa kuɗin cikin na ɗaki.

Abin kallo

Tashoshin gida irin su GTV, TV3, UTV da Adom TV ana kama su kyauta da eriya, in dai talabijin ɗin tana da DVB-T2, tsarin kama tashoshin dijital ta eriya. Eriya ɗaya mai kyau a saman bene, da amfilifaya da kebul ɗin eriya nau'in RG6, ta ishi gidan duka. A tuna kowane abin rabawa yana cin sigina: mai baki biyu kusan dB 3.5 a ma'aunin sigina, mai baki huɗu kusan 7. Idan an jera su barkatai, ɗakunan ƙarshe ne hotonsu zai riƙa daskarewa.

Ƙwallon Ingila da sauran tashoshin biya su ne ke kawo rigima. Rajistar DStv ta gida ba ta halatta a raba wa ɗakunan haya ba. MultiChoice, kamfanin DStv, na da tsari daban na 'yan kasuwa, shi za a nema. A tsarin gargajiya kowace tasha tana da dikodarta a ɗakin kaya, a zuba su duka cikin RG6 ɗaya, baƙo ya canza da rimot kamar tashar eriya. Tasha takwas zuwa goma da aka zaɓa da hankali, ƙwallo, labarai, ta yara, da ta Hausa irin Arewa24 saboda baƙinmu na Nijeriya da Nijar, sun fi tasha ɗari da ba mai kallo. Wanda ya zaɓi tura tashoshin ta kebul ɗin intanet, wato IPTV, lallai ya kunna IGMP snooping, saitin da ke tura tasha ga wanda ya neme ta kaɗai, a kowane suwic. In ba haka ba, tasha 20 masu megabit 8 kowacce za su kwarara cikin kowace ƙofa, megabit 160 na abin da ba wanda ya nema, wayifai ya shaƙe gaba ɗaya. Talabijin kuma ta hau kebul, kada ta hau wayifai.

Kallon abin da mutum ya ga dama a lokacin da ya ga dama, a nan ne masu masauki suka fi ɓata kuɗi. Wasu sukan buɗe asusun Netflix ɗaya su shigar a duk ɗakuna. Sharuɗɗan kamfanin na amfanin mutum da iyalinsa ne, kuma adadin allon da ke kallo lokaci guda yana da iyaka, don haka wanda ya zo bayan an kai iyakar zai ga an hana shi. Wasu kuma su cika kwamfuta da finafinan da aka kwafo. Wannan ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ta 2005, Act 690. Mai son yin haka ya nemi izinin masu finafinan, ya kuma tuntuɓi ƙungiyoyin kula da haƙƙin mallaka, ARSOG kan na kallo da GHAMRO kan kiɗan da ake sawa a harabar.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bar baƙo ya zo da nasa. Asusunsa na cikin wayarsa, abin da yake so kawai ya tura hoton zuwa babban allo. Sai dai akwai tarko: turawar tana buƙatar waya da talabijin su ga juna, mu kuwa mun kunna keɓewa. In an kashe keɓewar, mutumin ɗaki 12 zai iya tura bidiyonsa kan allon Hajiya da ke ɗaki 7, kuma ba kowane bidiyo ne na gani ba. Mafita ita ce kowane ɗaki ya zama ƙaramin layi mai zaman kansa: kalmar sirrin ɗakin ta jefa wayar baƙo cikin VLAN ɗin da talabijin ɗinsa take, ita kaɗai. Manyan otal sukan sayi na'urar da ke haɗa su ta lambar QR a allo, amma ga ɗaki 30 tsarin PPSK ya wadatar. Google ya daina ƙera Chromecast a 2024, ya maye gurbinsa da Google TV Streamer, kuma talabijin da yawa yanzu suna zuwa da wannan damar a cikinsu. In na'ura ce ta daban, a ɗaure ta a bayan allo da maƙalli, don ƙaramin abu ne mai saurin shiga jaka.

Talabijin ɗin da aka ƙera don otal, irin na Samsung da LG, suna barin a ƙayyade ƙarar sauti, a zaɓi tashar da za ta fara buɗewa, a kulle saituna, wasu kuma su goge asusun baƙo da kansu. In ta gida aka saya, sai a sa cikin aikin mai gyaran ɗaki: bayan canza zanin gado, ta duba YouTube da Netflix ta fitar da duk asusun da aka bari a buɗe. A sa lambar sirri kan tashoshin da ba su dace da yara ba. A bar ƙofar HDMI ɗaya a fili.

Gwaji kafin a sallami mai aiki

A shiga kowane ɗaki da waya mai araha, ba ta injiniya ba, a rufe ƙofa, a gwada gudu a kan gado da cikin banɗaki, a rubuta. A maimaita da ƙarfe tara na daren Asabar lokacin da gida ya cika. A fara kiran bidiyo a hawa na uku a sauko har ƙasa, a ga ko zai yanke. A zare faiba da gangan a ƙirga daƙiƙa nawa layi na biyu ya ɗauka. A kashe babban makunnin wuta a ga ko wayifai ya tsaya da ƙafarsa. A tura bidiyo daga ɗaki ɗaya a tabbatar talabijin ɗin maƙwabci ba ta fito a jerin ba.

Sannan a karɓi abu uku a hannun mai aikin: zanen da ke nuna kowane kebul da ƙofar da ya shiga, kalmomin sirrin shugabancin na'urorin a rubuce, da kwafin saitunan a filashi. Asusun sarrafa na'urorin ya kasance da imel ɗin masaukin, ba na yaron da ya haɗa ba, don ranar da ya koma Accra ko Tamale kada a rasa mai buɗewa. A ajiye akwatin wayifai biyu, rimot uku da abin cajin rawuta ɗaya a kabad. Ma'aikacin dare kuma a manna masa takarda kusa da teburinsa: in ɗaki ɗaya ne ya yi ƙorafi, ya duba fitilar akwatin ɗakin da ƙofarsa a suwic, in hawa guda ne, suwic ɗin hawan ko wutarsa, in gidan duka ne, ya duba akwatin faiba, jar fitilar LOS tana nufin an yanke layin a waje, sai ya kira kamfanin da lambar asusun da ke rubuce a ƙasan takardar.